Takalmin keken tsere: wanne ne zai daɗe a ƙafarka a Jos?

Duk wanda ya kama hawan keken tsere da gaske a Jos, ba a jimawa maganar takalmi za ta taso masa. Ya sayi keke, ya sayi hular kwano, ya fara bin 'yan uwa da sassafe ranar Asabar zuwa Rayfield ko Vom, sai wata rana wani ya dubi kambas ɗin da ke ƙafarsa ya ce, "Malam, saura takalmi." Gaskiya ya faɗa masa. Sai dai takalmin keke kaya ne da ake shigowa da shi daga waje, da dala ake lissafin kuɗinsa, kuma ba ya zuwa shi kaɗai, sai da feda irin tasa. Wanda zai fitar da irin wannan kuɗi ya kamata ya san ko abin zai kai shi shekaru, ko kuwa damina biyu zai yi ya tashi aiki.

Taka feda ba ya cinye takalmi. Ƙafar da ke kan feda ba ta gogar ƙasa, ba ta kuma lanƙwasa tafin takalmi yadda mai gudu ko ɗan ƙwallo yake yi. Abin da ke kashe takalmin keke shi ne tafiya da shi a ƙasa, da barinsa a jiƙe, da zafin da ke sakin gam. Shi ya sa mutum biyu za su sayi iri ɗaya a wata ɗaya, na wannan ya shekara da shekaru yana aiki, na wancan ya buɗe baki tun bai gama biyan bashin kuɗinsa ba. Saboda haka tambayar da nake yi wa kowane takalmi ita ce: wane sashe nasa ne zai fara mutuwa, kuma in ya mutu ana iya canza shi, ko sai dai a jefar da takalmin gaba ɗaya?

Mu fara da tafin takalmin, wato ƙasansa, tunda nan ne kuɗin yake tafiya. Iri uku za ka tarar. Akwai na nailan da aka ƙarfafa da zaren gilashi, shi ake sa wa takalma masu sauƙin kuɗi. Akwai na kabon zalla, wato wani zare mai tauri mara nauyi da ake daskararwa, wanda ƙwararrun 'yan tsere ke sawa. Sai na tsakiya, wanda aka gauraya nailan da kabon, ko aka dasa farantin kabon a daidai inda ƙafa ke danna feda. Kamfanin Shimano na Japan yana ba takalmansa lambar tauri: RC1 yana da 6, RC7 yana da 10, S-Phyre RC9 kuma 12. Lambar nan ta tauri ce kawai, ba ta ce komai a kan daɗewa ba, kuma ma'aunin wani kamfani ba ya daidai da na wani.

Kabon ba ya gajiya da hawa. Taurin da ka saye shi da shi, shi za ka tarar bayan shekaru. Maƙiyinsa dutse ne, Jos kuwa garin duwatsu ne, gefen titunanmu tsakuwa ce da burji. Duk sa'ad da ka sauka ka taka, tsakuwa na karce masa fenti, a kwana a tashi ta fara cin zaren da ke ciki. Karcewar sama ba ta da illa, muni ne kawai. Amma in hancin takalmin ya fara ɓarewa har zare ya fito, ko tsagewa ta bayyana kusa da ramukan notin da ke ƙasan takalmin, magana ta ƙare, domin babu shumekan da zai ɗinke maka kabon. Nailan kuwa yana jure wulaƙanci. Zai gogu, zai yi ƙazanta, amma da wuya ya tsage. Aibinsa shi ne yana ɗan lanƙwasa idan ka miƙe tsaye a kan feda a hawa mai tsauri, kuma mai jiki ya fi jin haka. Wanda burinsa ya haye Hawan Kibo yana fafatawa da agogo zai ga amfanin kabon. Wanda ke zagayen Bukuru da Heipang don lafiyar jikinsa, ni ban ga abin da zai rasa a kan nailan ko na tsakiya ba, kuma ragowar kuɗin za su yi masa amfani a taya mai kyau.

Yanzu ga inda maganar ta fi nauyi, wato kilit. Shi ne ɗan abin nan da ake ɗaurewa da noti a ƙasan takalmi, wanda ke shiga feda ya kama da ƙara "ƙas", sai ka murɗa dunduniya waje kafin ya saki. Kamfanin Look na Faransa ne ya yaɗa wannan tsari a 1984, daga dabarar da yake amfani da ita wajen kama takalmin masu zamiya a kan ƙanƙara, kuma Bernard Hinault ya lashe gasar Tour de France ta 1985 da irin wannan feda. A 1990 Shimano ya fito da nasa tsarin mai suna SPD domin keken daji. Daga nan aka samu gida biyu, kuma zaɓin da za ka yi tsakaninsu ya fi tasiri a kan rayuwar takalminka fiye da sunan kamfanin da ke jikinsa.

Gida na farko shi ne mai noti uku, wanda shi ne asalin na titi: Look Keo da Shimano SPD-SL. Kilit ɗinsu na roba ne mai tauri, faffaɗa, kuma a waje yake tsirara, shi ke fara taɓa ƙasa idan ka taka. Faɗinsa yana raba nauyi a tafin ƙafa, abin da ke da daɗi a doguwar tafiya. Launinsa kuma yana da ma'ana. A Shimano, rawaya yana barin ƙafa ta yi wasa digiri 6, shuɗi digiri 2, ja kuma ba ya motsi ko kaɗan. A Look, ja ne mai digiri 9, toka 4.5, baƙi babu motsi. Sabon shiga ya ɗauki rawaya ko toka saboda gwiwarsa. Ka kuma sani cewa ko da yake ramukan notinsu a jikin takalmi iri ɗaya ne, kilit ɗin Look ba na fedar Shimano ba ne, haka na Shimano ba na fedar Look ba ne.

Wannan kilit an yi shi ne don ya ƙare, kuma a garinmu yana ƙarewa da wuri. Ɗaga takalman duk wani mahayi ka duba: za ka ga na ƙafa ɗaya ya fi cinyewa, ita ce ƙafar da yake saukewa ƙasa duk lokacin da ya tsaya. Wanda ke fitowa daga cikin gari, ya ratsa cunkoson Terminus ko Farin Gada kafin ya samu titi ya buɗe masa, yana sauke ƙafar nan sau da yawa tun bai yi zufa ba. A kilit ɗin Shimano akwai 'yan ɗigon roba masu launi a kusurwoyi. In sun goge har baƙin ƙasansu ya fito, lokacin canji ya yi. Bakin gaba na kilit ɗin, wanda ke shiga feda, in ya yi siriri, ƙafa na iya suɓucewa a lokacin da kake danna feda da ƙarfi, ko kuma ya ƙi saki a lokacin da mota ta tsaya a gabanka. Kowanne cikin biyun yana kai mutum ƙasa. Kada ka ja rai da tsohon kilit don tsimin kuɗi.

Gida na biyu shi ne mai noti biyu, SPD. Kilit ɗinsa ƙarami ne na ƙarfe, kuma a takalmin da aka yi dominsa yana zama ne a cikin rami, roba ta kewaye shi, ta yadda in ka taka ƙasa robar ce ke taɓawa. Ƙarfen yana daɗewa nesa ba kusa ba idan aka kwatanta da na roba, kuma kana tafiya kamar mutum, ba kana ɗingishi a kan dunduniya ba. Ana yi masa kallon na keken daji, wasu ma suna ganin bai dace da keken tsere ba. Ni ban yarda da wannan ba. Ka duba yadda hawanmu yake a zahiri: a tsaya wurin mai shayi, a tsaya sallah, a tura keke a inda ruwa ya cinye kwalta, a taka tsakuwa zuwa inda za a yi alwala. Turawan da suka tsara takalmi mai noti uku sun yi shi ne don wanda zai hau daga ƙofar gida, ba zai sauka ba sai ya dawo. Mu kuwa muna sauka. Abin da za ka bayar a madadin wannan sauƙi shi ne ɗan ƙarin nauyi, da kuma cewa in tafin takalmin mai laushi ne za ka iya jin ƙaramin kilit ɗin yana danna ƙafa a doguwar tafiya. Takalmin SPD mai tafi mai tauri yana maganin wannan.

Wanda ya riga ya sayi mai noti uku, ko zuciyarsa na can, akwai abin yi. Ana sayar da murfin roba da ake rufe kilit da shi idan za a yi tafiya. In ba ka samu ba, silifas mara nauyi a aljihun bayan riga ya wadatar. Ka cire takalmin a gefen keke, ka sa silifas, ka je ka yi alwalarka. Ka kuma goge ƙafa ta bushe kafin ka mayar da safa, domin ƙafa mai laima a cikin takalmi rufaffe ita ce mafarin wari da ruɓewar shimfiɗar ciki.

Akwai wani ɗan abu da mutane ba sa dubawa a lokacin saye, alhali shi ke raba takalmin da zai tsufa da wanda zai mutu yana yaro: robar dunduniya. Tunda kilit ya ɗaga gaban takalmi, nauyin tafiya a kan dunduniya yake sauka. In robar ta cinye, tafin ne da kansa zai fara gogar ƙasa, kuma in kabon ne ka san sauran. Juya takalmin ka duba. In ka ga noti a jikin robar, ko ka ɗaga shimfiɗar ciki ka ga noti a dunduniya, to ana canza ta. Kamfanin Sidi na Italiya, wanda Dino Signori ya kafa a 1960, a kan wannan ya yi suna: dunduniya da maɗauri a yawancin takalmansa ana kwance su a sa sababbi. Manyan takalman wasu kamfanonin ma suna da dunduniyar da ake canzawa, amma ƙananan yawanci a manne take. Ko a nan akwai mafita. Na taɓa kai wa wani dattijon shumeka takalmi mai cinyayyar dunduniya, ya juya shi ya ƙwanƙwasa tafin da ɗan yatsa, ya ce, "Yaro, wannan allura ba za ta shige shi ba, sai dai gam." Na ce, "Baba, duk yadda ka gani." Ya yanko ɗan guntun robar taya, ya kankare wurin, ya shafa gam a ɓangarorin biyu, ya bari ya sha iska kafin ya haɗa ya danne. Aikin bai yi kyan na kamfani ba, amma ya tsare tafin, wanda shi ne abin da ake nema.

Sai maɗauri. Igiya ita ce mafi daɗewa a ma'anar da ta dame mu, domin in ta tsinke ko'ina za ka samu wata. Takalma irin Giro Empire sun dawo da ita fagen tsere, kuma tana matse ƙafa daidai. Ba ka iya gyara ta kana kan keke, kuma dole ka cusa bakinta kada sarƙa ta kama. Maɗaurin Velcro, wato mai mannewar nan da ake ɓanɓarewa, yana da sauƙin sawa da cirewa, sai dai ƙurar hunturu da zaren safa da ƙaiƙayin ciyawa suna cika masa haƙora, a hankali ya daina kamawa. Tsohon buroshin haƙori yana tsawaita kwanansa, kuma tela ko shumeka na iya ɗinka sabo. Na uku shi ne ɗan faifan nan da ake murɗawa ya ja waya siririya, wanda aka fi sani da BOA, kamfanin da aka kafa a Colorado ta Amurka a 2001. Babu abin da ya kai shi daɗin amfani, kana tafiya za ka miƙa hannu ka ƙara matsi. Kamfanin yana ba da lamunin canza faifai da waya kyauta muddin takalmin na raye, kuma mutum na iya canzawa da kansa. Wahalar ita ce isowar kayan hannunka, domin ba abu ne da za ka shiga kasuwa ka tsinta a kowane shago ba. Faifan kuma iri-iri ne, akwai L6, akwai IP1, akwai Li2, dole ka nemi daidai naka. Ga wani abin lura: in ka faɗi, faifan da ke gefen takalmi shi ke fara gogar kwalta. Idan ka zaɓi wannan, ka nemi na ajiya tun kafin buƙata ta taso, ta hannun wani mai zuwa daga waje.

Fatar sama ba ta da dogon bayani. Ta roba mai kama da fata ta fi jure ƙura da laka, tsumma mai laima ya ishe ta. Mai raga ko saƙa tana shan iska, amma jar ƙasarmu in ta shige ta ba ta fita, kuma in ta yage da wuya a yi mata faci mai kyau. A sanyin Jos na Disamba da Janairu, lokacin da yatsu ke ƙanƙarewa a gangara da asuba, yawan shan iska ma ba abin so ba ne. Mutanen Abuja su ne ke da hujjar neman raga. Fata ta gaske, irin wadda kamfanin Lake ke amfani da ita a wasu takalmansa, tana bin siffar ƙafa kuma tana tsufa da kyau in ana shafa mata mai. Farin takalmi kuwa, kowa ya san yana da kyau a hoto, ka dai shirya wanki.

Da yawanmu ba sabo za mu saya ba, gwanjo za mu nema, ko a Katako ko a hannun masu tallar kayan keke a waya. Ana dacewa ƙwarai, domin akwai Turawan da ke sayen takalmi mai tsada su sa shi kaɗan su bayar. Amma a nan ne aka fi cutuwa, saboda takalmi yana tsufa ko ba a sa shi ba. Robar da ake kira foliyuretan, wadda ake shafe fatar sama da ita, tana shan laimar iska a hankali har ta rushe, zafi kuma yana gaggauta abin. Gam ma yana bushewa. Sai ka ga takalmi fes kamar bai taɓa taka ƙasa ba, ka sa shi mako biyu fatar ta fara saɓulewa kamar ɓawon dafaffen dankali. Saboda haka kada ƙyalli ya ruɗe ka. Murza fatar da babban yatsa, in ta yi danƙo ko ta bar gari a hannunka, ajiye. Riƙe dunduniya da hannu ɗaya, ka ja fatar sama daga tafin, ka bi layin gam tun daga hanci har baya kana neman inda ya buɗe. Matsa kofin dunduniya, in ya lotsa babu ƙarfi, ƙafarka za ta riƙa zamewa. Leƙa cikin dunduniyar ka ga ko yadin ya huje. Abu mafi muhimmanci, je da notin kilit da alanki, wato makullin ɗaure notin, mai lamba 4 a aljihunka, ka gwada kowane rami. Ramin da ya yi tsatsa ko haƙoransa suka cinye yana iya mayar da takalmi mai kyau abin ado. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, kuma tsohon takalmin kabon na manyan 'yan tsere da ya shekara goma a ajiye bai kai sabon na nailan amfani ba.

Girman ma yana cikin lissafin daɗewa. Takalmin da ya matse yana yagewa a daidai ƙaramin yatsa, wanda ya yi yawa kuma dunduniya na goge yadin cikinsa. Da yawanmu da silifas da takalmi sau-ciki muka tashi, ƙafarmu a baje take, alhali takalman Italiya sukan zo da siririn baki. Akwai masu faɗi: Sidi yana kiran nasa Mega, Shimano da Lake ma suna yi. Gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da irin safar da za ka riƙa hawa da ita.

Ko wanne ka saya, damina ce jarrabawarsa. Ruwan Jos daga Afrilu zuwa Oktoba ba ya sallama, a Yuli da Agusta kuwa sai a wuni ba a ga rana ba. In ka dawo a jiƙe, cire shimfiɗar ciki, buɗe maɗauri gaba ɗaya, ɗauraye lakar, ka cusa tsohuwar jarida, in ta jiƙe ka canza wata, ka ajiye a inuwa inda iska ke wucewa ko gaban fanka. Kada ka kai shi kusa da garwashi ko murhu, kada ka shanya shi a kan kwano da tsakar rana, kada ka bar shi a but ɗin mota. Zafi ne ke sakin gam, kuma tafin da ya fara rabuwa da fata ba ya komawa yadda yake. Notin kilit kuma ka shafa musu ɗan giris kafin ka ɗaure, ka riƙa kwance su lokaci-lokaci, domin ruwa da gishirin zufa suna haɗe su da ramin har sai an fasa. Kafin ka cire tsohon kilit, zagaye gefensa da biro a jikin tafin, don sabon ya zauna daidai inda gwiwarka ta saba.

To, wa zai sayi me? Wanda yanzu ya fara, ko wanda hawansa ke haɗe da zirga-zirgar gari da yawan sauka, ya ɗauki mai noti biyu, tafin nailan mai tauri, da igiya ko Velcro. Wannan ne haɗin da kusan duk abin da ya lalace a jikinsa ana iya gyara shi a nan cikin gari, kuma shi nake ba yawancin masu tambayata shawara. Wanda ke doguwar tafiya da 'yan ƙungiya, yana sa'o'i a kan sirdi ba tare da sauka ba, mai noti uku da tafi na tsakiya ya dace da shi, da sharaɗin dunduniyar tana canzuwa, kuma ya sayi kilit na ajiya tun ranar da ya sayi takalmin. Kabon zalla na wanda ke shiga gasa ne, ko yake da niyyar zuwa filin tseren keke na babban filin wasa na ƙasa a Abuja ya gwada kansa. Shi ma in hali ya yi, ya ajiye shi don ranar tsere da atisaye mai tsanani, ya nemi na biyu mai sauƙin kuɗi don hawan yau da gobe da kwanakin ruwa.